Kalley, Gobara Uku da Kundin Digirina

Ranar da na shaida wa Inna cewa zan koma jami'a in yi digiri na biyu, tana zaune a tsakar gidanmu na Kalley tana tsinke zogale. Ta ce, "Karatun me kuma, ga furfura ta fara fito maka?" Na ce karatun raya tattalin arzikin unguwanni da yankuna ne. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To, wa ya raya mu tun can, kafin a buɗe ajin?" Wannan a 2011 ne, ina da shekara 37. Dariya na yi mata a lokacin, ban san shekara biyu zan yi ina neman amsar ba.

Kalley ta girmi birnin da ya haɗiye ta. Tana cikin ƙauyukan bakin Kogin Isa da suka haɗu suka zama Yamai, kuma sunanta daga Kalle ya fito, wani reshe na Zabarmawa. Maƙwabtanta su ne Maourey ta Arawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri, da Gaweye, da Zongo inda fatake Hausawa ke sauka. Faransawa sun zauna a nan da farko, suka ɗauke hedkwata zuwa Damagaram a 1911, suka maido ta Yamai a 1926. A 1935 gobara ta cinye bukkokin bakin kogi. Bature ya ga dama ta samu, ya tashi mutane zuwa tudu, ya ja tituna miƙaƙƙu, ya ce a bar ciyawa a yi ginin ƙasa, ya bar kwarin Gunti Yena tsakanin unguwarsa da ta baƙar fata. Tsarin raya gari na farko da Kalley ta gani ke nan, kuma ba wanda ya nemi jin bakinta. A ɗaya daga cikin layukan nan ne kakana ya kama ɗakin haya da ya zo daga Birnin Konni da ƙunshin atamfa a ka. Shi ya sa a gidanmu ake gaisuwa da Zabarmanci, a yi faɗa da Hausa.

Lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960 mutanen Yamai ba su wuce dubu talatin da wani abu ba. Ci gaba a zamanin abu ne da ake rubutawa da Faransanci a ma'aikatar tsare-tsare, a aiko da shi ƙasa. Mai son zurfafa karatu kuwa sai ya tafi Dakar ko Abijan ko Faransa. An buɗe Gadar Kennedy a 1970, aka kafa cibiyar karatu mai zurfi a 1971, daga baya ta zama jami'a, ta zauna a ƙetaren kogi, Harobanda. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin hasken rana haifaffen Tasawa, shekara guda bayan rasuwarsa. Tun a 1964 mutumin nan ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka, yana cewa a koyar da yara da harsunansu. Na sha tuna shi ina kan gada, kundina na Faransanci a hammata.

Kuɗin yuraniyom ya fara shigowa bayan buɗe ma'adinin Arlit a 1971, Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, gari ya cika da siminti. Aka tashi mutanen Gaweye daga bakin kogi, aka gina otel da sunan unguwarsu. Kunce ya farfaɗo da ƙungiyar matasa ta Samariya, kuma ina tuna yayyena da tsintsiya da shebur suna share kwata ranar Asabar. An ce daga ƙasa shawara za ta riƙa hawa sama. Abin da muka gani a layinmu, umarni ne ke saukowa.

Sai 1982. Ina da shekara takwas gobara ta tashi a Babbar Kasuwa, Habu Bene, wadda daga ƙofar gidanmu kana jin hayaniyarta. Abin da na riƙe shi ne wari, warin roba da na yadi, wanda ya yi kwanaki a cikin ɗakunanmu. Baba ya dawo da makullin rumfarsa a hannu, ba rumfar. Ya zauna a zaure bai ce uffan ba, maƙwabta na shigowa suna cewa Allah ya mayar da alheri. Ba shi da inshora, ba shi da asusu a banki, ba takardar da ta nuna abin da ya ƙone. Ga yadda ya tashi. Inna tana cikin adashen mata goma sha biyu, kowace Juma'a zubin jaka biyu. Ba ita ke da kwasa ba a makon, amma uwar adashe ta tara su, wadda ke da layi ta ce a ba Inna, ai gobara ta fi biki. Da jaka ashirin da huɗun nan Baba ya kafa tebur a Wadata, inda aka mai da 'yan kasuwa. Wani Alhaji na Maraɗi, wanda ya san kakana, ya aiko masa da turmi arba'in, ya ce in ya sayar ya biya. Ba sa hannu, ba shaida. Shekara biyu Baba yana biya. Da aka buɗe sabuwar kasuwa a 1987, mai kyan gini da manyan ƙofofi, masu sayen kayansa sun riga sun saba da Wadata, can ya ci gaba da zama har ƙarfinsa ya ƙare.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya koma sefa 100 daga 50. A shekarun nan ma'aikata kan yi watanni ba albashi. Gidajen Kalley da yawa, ƙosai da dambu da ƙanƙarar matan gida ne suka riƙe su. Ni a lokacin ina ɗalibin tattalin arziki, kuma littattafan da nake haddacewa suna kiran sana'ar iyayenmu "sashen da ba shi da tsari". Ban ji kunyar maimaita kalmar ba, alhali da ribar ƙosan ake ba ni kuɗin motar haya, faba-faba.

Karatun da na koma yi, siyasa ce ta haife shi. Bayan taron ƙasa na 1991 aka yi ta maganar sakar wa ƙananan hukumomi mara, har aka yi zaɓen kansiloli a Yulin 2004 a komin 265. Rana ɗaya ƙasa ta wayi gari tana buƙatar ɗaruruwan mutanen da suka iya tsara kasafin komin, su san me tikitin kasuwa da harajin sana'a za su kawo, su rubuta shirin raya yanki na shekara biyar. Tun 2001 kuma an kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, inda masana irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou suka dage cewa kafin ka faɗi yadda ya kamata ofis ko asibiti ya yi aiki, je ka zauna ka ga yadda yake aiki. A wurina wannan shi ne mafi amfanin abin da aka koya mana, ko da yake ban gane shi ba sai da na sha kunya.

Na shirya tambayoyi arba'in da Faransanci, kowace da akwatin sa alama, na shiga Ƙaramar Kasuwa, Habu Ganda, da jaka a kafaɗa. Tambaya ta uku ita ce, nawa kike samu a wata? Wata tsohuwa mai tattasai, wadda ta goya ni ina jariri, ta dube ni ta ce, "Ɗana, haraji suka aiko ka?" Na ce a'a, Iya, karatu ne. Ta ce, "To rubuta Alhamdu lillahi." Mako uku, takarduna cike da Alhamdu lillahi. Malamina ya duba ya ce in ajiye takardun, in je in taya ta ƙulla tattasai. Wata biyu ina kan benci, daga nan na fara jin wa ke bin wa bashi, wa ke kawo albasa daga Galmi, yadda kayan Kwatano da na Kantin Kwari a Kano ke zuwa da amana, da yadda ake hukunta wanda ya ci amanar: ba a kai shi kotu, sai dai kowa ya daina ba shi kaya.

Ina tsakar haka, a Afrilun 2012, Habu Ganda ta ƙone. Na ga abin da na gani a 1982 da idon babba: adashe, bashin baki, 'yan'uwa na Akra da Abijan suna aiko da abin da ya samu. Sai dai a nan na ga iyakar abin ma. Adashe yana mai da mace bakin sana'arta, amma ba ya jan wayar lantarki mai kyau, ba ya buɗe hanyar motar kashe gobara, ba ya haƙa kwatar da za ta kwashe ruwan Agusta daga layinmu. Wannan aikin hukuma ne, kuma don shi ake yanka wa Iya tikiti kowace safiya. An yi shekaru ba a sake gina kasuwar ba, masu ita suka watsu cikin gari. Masu yabon "dabarar talaka" a tarukan otel su riƙa tunawa da haka.

Na kare kundin a 2013. Dare uku na yi ina fassara wa Inna shi da Hausa, ta gyara mini lissafi wuri biyu, ta ce na manta da kuɗin uwar adashe. Tun daga nan an rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina, kuma a Afrilun 2024 aka rushe majalisun komin. Cikin matan adashen Inna goma sha biyu, uku suka rage da rai. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kai bana, ya hau faba-faba ya ƙetaro gada, ya tambayi tsofaffin Kalley yadda aka tashi bayan 1982, kuma in ya gama ya dawo ya karanta musu da Hausa ko Zabarmanci.