Daga Farantin Talla Zuwa Wayar Hannu

'Yan uwa mata, tunda ƙungiyarmu ta ƙara shekara, bari mu waiwayi inda sana'armu ta fito.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, nan da nan gyaɗa ta zama kuɗi. Maza suna noma ta a Ɗambatta, Bichi da Dawakin Tofa, a tara ta dala-dala a birni. Kakanninmu mata kuwa suna cikin gida, suna ɓara, suna matsar mai, suna tuyar ƙuli-ƙuli, wasu suna kaɗi su sayar wa masaƙa zare. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya dalar, yadin kamfani ya kashe kaɗi. Amma sana'ar ɗaki ba ta mutu ba, don akwai mai fitar da ita: yarinya da faranti a ka. Kayan ɗaki sun samu, karatunta ya tafi.

A 2001 wayar salula ta shigo. Yau mace ta ɗauki hoton daddawa ko man gyaɗa ta ɗora a WhatsApp, mai saye a Kano ya turo kuɗi, direba ya kai kaya. Ƙarancin takardun naira na 2023 ya sa har masu gardama suka karɓi taransifa.

Sai dai akwai alat na bogi. Kada kaya su fita sai kin ga kuɗi a asusunki, ganin nan kuma sai da karatu. Don haka mu riƙe ajin yaƙi da jahilci. Waya ta yi tallar, yarinya ta tafi makaranta.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka.