Talabijin a Makarantun Gundumar Washington: Tarihin Wani Shiri da Masu Shirya Shi

Kowane zamani da na'urar da a ke sa ran za ta gyara makaranta. A farkon ƙarni na ashirin majigi ne, har Thomas Edison ya zaci littattafan makaranta sun kusa daina amfani. Daga baya aka koma kan rediyo, sa'an nan talabijin, yau kuwa kwamfuta da intanet. Masu ba da labarin waɗannan abubuwa sun fi zuba ido ga na'urar kanta, alhali kuwa yawancin abin da ya kan sa shiri ya tsaya ko ya rushe yana wurin hukumar da ta kawo na'urar, watau wa ya yanke shawara, da wa ya yi shawarar, kuma wa zai biya ran da mai kyauta ya janye hannunsa. Labarin Gundumar Washington, a Jihar Maryland ta Amurka, ya isa a duba shi ta wannan fuska.

Kafin a shiga labarin ya kamata a san yadda a ke riƙon makarantu a can. Gwamnatin tarayya ta Amurka ba ta tafiyar da makarantun gari. Kusan kowace jiha ta raba aikin ga hukumomin ilmi na yanki, waɗanda yawansu ya haura dubu goma sha uku, kuma babban rabo na kuɗinsu daga harajin gidaje da filaye na yankin ya ke fitowa. A Maryland iyakar hukumar ilmi ita ce iyakar gunduma. Kowace hukuma tana ɗaukar ma'aikaci guda ta ɗora shi bisa dukan makarantunta. In aka kira shi Sufeto da Hausa an ɓad da mai karatu, gama a kunnen Bahaushe sufeto ɗan sanda ne, ko kuwa mai zuwa duba aiki ya koma. Wannan shi ne mai tsara kasafi, mai ɗaukar malamai, mai shirya jadawalin darussa. Saboda haka a nan za a kira shi Shugaban Makarantu.

Shugaban Makarantun Gundumar Washington tun daga 1947 shi ne William Brish. Hedkwatarsa tana Hagerstown, gari matsakaici, kewaye da gonaki da ƙauyuka. Damuwarsa cikin shekarun 1950 ita ce damuwar kowane shugaban makarantu na ƙasar. Yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun taso da yawa, ɗakunan karatu sun cika, malamai ƙwararru sun yi kaɗan. Ƙananan makarantun ƙauye kuwa ba su da mai koyar da kiɗa, ko zane, ko kimiyya, ko wani harshe na waje. A daidai lokacin nan Gidauniyar Ford, ta hannun wani asusu da ta kafa don ciyar da ilmi gaba, tana neman wurin da za a gwada koyarwa ta talabijin a gunduma sukutum, ba a aji ɗaya ko biyu ba. Ƙungiyar masu ƙera rediyo da talabijin ta ƙasar ita ma tana da nata buƙata, wadda ba sai an faɗa ba. Aka zaɓi Gundumar Washington, aka yi alkawarin shekara biyar. Ford ta ba da kuɗi fiye da dala miliyan ɗaya, kamfanoni suka ba da kyamarori da akwatunan talabijin kyauta, kamfanin tarho na Chesapeake da Potomac ya ɗauki nauyin shimfiɗa waya.

Maganar wayar nan tana da muhimmanci. Ba ta iska aka watsa darussan ba, ta cikin waya aka tura su daga ɗakunan ɗaukar hoto na Hagerstown zuwa makarantu, kuma wayar tana iya ɗaukar darasi shida a lokaci guda. Ma'anar wannan ita ce hukumar ilmi ba ta roƙon wata tashar kasuwanci ta ba ta rabin sa'a da hantsi. Ita ke da tashar, ita ke da makarantun, ita ke da ƙararrawar shiga aji. An fara cikin watan Satumba na 1956 da makarantu takwas da yara wajen dubu shida. Aka yi ta ƙara waya shekara bayan shekara, har zuwa 1963 aka haɗa dukan makarantun gunduma, su 45, da waya mai tsawon mil fiye da ɗari.

Amma abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa ya faru tun kafin a kunna akwati ko ɗaya. Cikin dogon hutu na 1956 Brish ya tara malamai da shugabannin makarantu da masu duba aiki, suka zauna makonni suna tattauna wace irin koyarwa ce ta dace da talabijin, wace ce ba ta dace ba. Aka maimaita irin wannan zama a hutun shekarun da suka biyo. Abin da suka tsayar shi ne raba darasi kashi biyu. Malamin talabijin shi ne mai gabatar da sabon abu, mai nuna abin da ba a iya kawowa aji, kamar gwajin kimiyya ko taswira mai motsi. Malamin aji kuwa shi ne mai shirya yara kafin darasi, mai amsa tambaya, mai ba da aiki, mai gyara shi, mai sanin wane yaro ne bai fahimta ba. Malaman talabijin ɗin ba daga wani wuri aka ɗauko su ba, daga cikin malaman gunduma aka zaɓe su, aka rage musu aiki ƙwarai, har mutum ya kan yini yana shirya darasi guda. A kan aika wa malaman aji takardun bayanin darussa tun da wuri, su kuma su mai da ra'ayinsu a rubuce. Masu riƙe kyamarori ma yawanci ɗaliban ƙaramar kwalejin garin ne.

Mai karatun da ya taɓa horar da malamai zai gane hikimar wannan tsari. Malami ba ya ƙin baƙon abu don baƙuncinsa, abin da ya ke gudu shi ne a mai da shi ɗan tsaron aji a gaban almajiransa. Da ya ke wanda ke magana cikin akwatin abokin aikinsa ne, wanda ya sani, wanda kuma zai iya gaya masa ido da ido cewa darasin jiya ya yi sauri, sai kishin ya ragu. Ba kuma a cika ranar yaro da kallo ba. A makarantun elementare lokacin talabijin bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na lokacin karatu ba. A ƙananan makarantun sakandare ne ya kai wajen sulusi, kuma a nan ne a kan tara yara fiye da ɗari a babban zaure su kalli darasi tare.

Taron nan na zaure shi ne asirin kasafin Brish. Ya san gudummawar Ford za ta ƙare cikin 1961, kuma daga nan kamfanin tarho zai fara karɓar kuɗin hayar waya. Hujjar da ya kai gaban masu riƙe da baitulmalin gunduma ita ce, tara yara da yawa wuri ɗaya na wani ɓangaren yini yana rage yawan sababbin malaman da za a ɗauka, abin da aka rage nan kuwa ya kusa biyan kuɗin talabijin. Ana iya jayayya da wannan lissafi, kuma lalle zaman yaro ɗan shekara goma sha uku cikin taron mutum ɗari ba abin yabo ba ne. Duk da haka, da wa'adin ya cika gunduma ta ɗauki nauyin aikin daga aljihunta, aka ci gaba shekaru masu yawa, har bayan Brish ya bar aiki cikin 1973. Sai da faifan bidiyo ya yi araha, kowane malami ya iya sa abin da ya ke so a lokacin da ya ke so, sa'an nan darasin kai tsaye ya fara ja da baya.

Ko yaran sun ƙaru? Rahoton da hukumar ta buga cikin 1963 ya nuna sun ci gaba ƙwarai a lissafi, musamman na ƙauye, waɗanda a da su ke ƙasa da matsakaicin ƙasa a jarrabawar Iowa, suka zo suka haura shi. Sai dai rahoton na masu aikin ne da kansu, kuma ba a ware wasu makarantu masu kama da waɗannan aka bar su ba talabijin don a gwada ba. Larry Cuban, wanda ya rubuta tarihin na'urori a makarantun Amurka cikin 1986, yana cikin masu ɗaukar irin waɗannan alƙaluma da taka tsantsan. Akwai kuma abin da ba ya rabuwa. Cikin shekarun nan an sake tsarin karatun lissafi, an zauna da malamai kowane hutu, kuma kowane malamin ƙauye yana kallon gwanin malami yana koyarwa kullum, watau shi ma horo ya ke samu bai sani ba. Mai yiwuwa ne rabin ribar daga nan ta fito.

Waɗanda suka kwaikwayi Hagerstown sun fi ɗaukar akwatin su bar zaman shawarar. Daga 1961 wani shiri mai hedkwata a Jami'ar Purdue ya riƙa watsa darussa daga jirgin sama mai shawagi bisa Jihar Indiana, yana isa makarantun jihohi shida. Injiniyoyi sun yi bajinta, amma hukumomin ilmi ɗaruruwa kowace da nata jadawali, kuma da yawa suna kama darussan ba su biyan kuɗin shiga. Cikin 1968 jirgin ya sauka bai sake tashi ba.

Labarin Samowa ta Amurka ya fi wannan nauyi. Tsibiran Tekun Fasifik ne, makarantunsu duka ba su fi na gunduma guda ba. Gwamna Rex Lee, wanda aka naɗa daga Washington cikin 1961, ya tarar da makarantun a lalace, ya yanke shawarar a sake su gaba ɗaya bisa talabijin. Aka fara cikin 1964, aka kafa na'urorin watsawa a kan Dutsen Alava, aka kawo malamai daga Amurka su yi koyarwar. Shugaba Lyndon Johnson ya ziyarci wurin cikin 1966 ya yaba. Amma malamin aji Basamowe ba a tambaye shi ba, takarda a ke miƙa masa ta abin da zai faɗa kafin darasi da bayansa, kuma darasin ba ya jiran wanda bai gane ba. Yawancin koyarwar da Ingilishi ne, harshen da ba shi yaran ke ji a gida ba, mai magana cikin akwati kuwa ba ya ganin fuskar yaro balle ya sake faɗa da wasu kalmomi. Cikin shekarun 1970, da Samowawa suka karɓi ragamar ilminsu, sai aka yi ta rage sa'o'in talabijin, manyan azuzuwa suka bar shi kusan ɗungum.

Shirin Hagerstown ya taɓa Nijeriya ma. Talabijin ya fara aiki a Ibadan cikin 1959, a Kaduna kuma cikin 1962, kuma cikin shekarun 1960 hukumar ba da taimako ta Amurka ta ɗauki Hukumar Ilmi ta Gundumar Washington kwangila ta aiko da ma'aikatanta su taimaka wajen darussan rediyo da talabijin na makarantu. Sun zo da sanin aiki, amma abubuwan da suka tsai da shirinsu a gida ba su shiga akwati. A Jihar Arewa makarantu na hannun masu su dabam dabam, na Gwamnati da na En'e da na Mishan, ba shugaba guda mai iko da jadawalinsu duka. Tashar ba ta Ma'aikatar Ilmi ba ce, ƙarfinta bai wuce kewayen manyan garuruwa ba, lantarki ma haka, akwatin da ya lalace kuwa sai ya daɗe yana jiran mai gyara. A Nijar, inda Faransawa suka fara nasu gwaji a Yamai cikin 1964, darussan da Faransanci a ke yinsu, kuma shekaru da yawa shirin bai wuce azuzuwa ashirin da 'yan kai ba.

Bayan rabin ƙarni sai ga Los Angeles, hukumar ilmi ta biyu a girma a Amurka, mai yara fiye da dubu ɗari shida a lokacin. Cikin 2013 Shugaban Makarantunta, John Deasy, ya kawo shirin ba kowane yaro iPad, da darussan kamfanin Pearson a ciki, kan kuɗin da aka ƙiyasta ya haura dala biliyan ɗaya. Cikin watan Yuni hukumar ta amince da kwangilar farko ta dala miliyan 30, aka fara rabawa a makarantu 47 da buɗe makaranta. Darussan ba a gama rubuta su ba. Horon da malamai suka samu na 'yan kwanaki ne. Ba a tsai da wanda zai biya ba in yaro ya ɓatar da nasa ko ya fasa. Cikin mako guda ɗalibai wajen ɗari uku suka gano yadda za su cire makullin da aka sa wa na'urorin, aka hana fita da su gida. Da wasiƙun da suka gudana tsakanin manyan hukumar da kamfanonin kafin a ba da kwangila suka fito fili, Deasy ya dakatar da kwangilar cikin Agusta 2014, ya ajiye aiki cikin Oktoba. Cikin Disamba 'yan sandan ciki na tarayya suka kwashe takardu daga ofishin hukumar, ko da ya ke binciken ya ƙare ba a tuhumi kowa ba. Cikin 2015 Apple ta yarda ta mai da dala miliyan 4.2 saboda darussan da ba su yi amfani ba. Kuɗin sayen na'urorin kuwa daga bashin gina makarantu aka ɗebo shi, wanda masu biyan haraji na birnin za su yi shekara ashirin da wani abu suna biya.