Wa Ke da Ikon Ƙara? Tarihin Diyyar Wanda Sakacin Likita Ya Kashe

Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi uku waɗanda ba ya haɗa su wuri ɗaya, watau kuskure da sakaci da ganganci. Kuskure shi ne mutum ya nufi daidai ya faɗa wa akasi. Sakaci shi ne ya san abin da ya wajaba a kansa, amma ya yi sake har ɓarna ta auku. Ganganci kuwa shi ne ya ga haɗari ƙuru-ƙuru ya kutsa kai. To, amma idan aka kai ɗan'uwanmu asibiti bai dawo ba, sai mu dunƙule ukun nan duka mu ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne kwana ya ƙare, sai dai ƙarewar kwana ba ta taɓa kankare wa mai laifi laifinsa ba.

Abin da nake so in bi diddiginsa a wannan maƙala shi ne yadda dokoki suka riƙa gitta wa iyalin mamaci shinge idan suka tashi neman hakkinsu a kotu. Shingayen nan iri uku ne. Na farko, wa ke da ikon kai ƙara? Na biyu, me zai nema, kuma nawa za a ba shi? Na uku, kwana nawa aka yanka masa? Labarin ya faro daga Ingila, ya ƙetara Amurka, kuma wani reshensa ya iso nan ƙasarmu tare da Turawan mulki.

Kafin Dokar Ingila

Tuhumar mai magani tsohon abu ne. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wanda ya yi mulki wajen shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa, an ce likitan da ya yi wa babban mutum aiki da wuƙar tagulla har ya mutu, a yanke masa hannu. In kuwa bawa ne ya mutu, sai ya biya bawa a madadinsa.

A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka yi hukunci da shi tun kafin zuwan Turawa, diyyar kisan kuskure raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Dangin wanda ya yi kisan ne ke haɗuwa su biya, magada kuma su raba kamar yadda ake rabon gado. Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya kawo a littafinsa Bidayatul Mujtahid cewa likita ma in ya yi kuskure diyya tana hawa kansa. Ko da yake malamai sun bambanta adadin tsakanin namiji da mace, ba su duba dukiyar mamaci ko sana'arsa ba. Diyyar attajiri da ta ɗan dako ɗaya ce. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don za mu dawo gare shi.

Yadda Aka Rufe Ƙofa a Ingila

A shekarar 1808 aka yi wata shari'a a London wadda ake kira shari'ar Baker da Bolton. Keken doki na haya ne ya kife da wani mutum da matarsa, matar ta yi jinya kamar wata guda ta rasu. Mijin ya kai ƙara, aka ba shi fam 100 saboda rauninsa da kuma rashin hidimar matar a kwanakin jinya. Amma alƙalin, Lord Ellenborough, ya yanke cewa mutuwar ɗan Adam ba abin da za a nemi diyyarsa ba ne a kotun hakki. Watau lissafi ya tsaya a ranar da matar ta cika. Ga kuma wata tsohuwar ƙa'ida tasu da ta ce hakkin ƙarar mutum yana bin sa kabari.

Sakamakon haka ya zama abin mamaki. Wanda ya karya wa mutum ƙafa zai biya, wanda ya kashe shi ɗungum ba zai biya ko kwabo ba. Jirgin ƙasa ne ya tona asirin wannan tsari. Da layin dogo ya bazu a Ingila, sai haɗurra suka yawaita, mata da marayu suka riƙa komawa gidajen gajiyayyu hannu rabbana. A 1846 majalisar dokoki ta zartar da dokar haɗurran da ke jawo mutuwa, wadda aka fi sani da sunan Lord Campbell.

Dokar ta buɗe ƙofa, amma ba ta wangale ta ba. Miji da mata da iyaye da 'ya'ya, har kakanni da jikoki, su ne za a nema wa diyya. Wa da ƙane da 'yar'uwa ba su ciki. Kuma dole a shigar da ƙara cikin wata 12. Bayan shekara shida, a 1852, cikin shari'ar Blake da kamfanin jirgin ƙasa na Midland, kotu ta ƙara ƙuntata ta. Ta ce asarar kuɗi kawai za a lissafa, baƙin ciki ba shi da farashi. Saboda haka ran mai babban albashi ya yi tsada, ran jariri da na tsoho kuwa ya zama kusan na banza a idon kotu.

Sai a 1982 aka yarda a biya wani abu saboda zafin rashi a Ingila, aka yanka fam 3,500, wanda a 2020 aka ɗaga shi zuwa fam 15,120. Ko shi ma abokin zaman mamaci ne ke karɓa, ko iyayen yaron da bai kai shekara 18 ba kuma bai yi aure ba. Ɗan da ya rasa uwarsa ba ya cikin lissafi.

Game da likita kuwa, akwai ƙarin tudu. A shari'ar Bolam ta 1957 aka ce likita bai yi sakaci ba muddin wani rukuni na likitoci masu mutunci sun yarda da hanyar da ya bi. Kenan sai mai ƙara ya nemo likitan da zai ba da shaida a kan ɗan'uwansa likita. A 1997, cikin shari'ar Bolitho, kotun ƙoli ta lokacin ta ɗan sassauta, ta ce dole ra'ayin likitocin ya zama wanda hankali zai ɗauka.

Amurka: Rufi a Kan Diyya

Kotunan Amurka sun gaji hukuncin Ellenborough, jihohi kuma suka bi sawun dokar Campbell ɗaya bayan ɗaya. Jihar New York ta yi tata a 1847, bayan shekara biyu ta sa mata rufi na dala 5,000, sannan tsarin mulkin jihar na 1894 ya haramta irin wannan rufi. Wannan ja-in-ja, yau a sa rufi gobe a cire, shi ne tarihin al'amarin a can.

A tsakiyar shekarun 1970 kamfanonin inshora suka tsawwala wa likitoci kuɗi, suna cewa ƙararraki sun yi yawa. Likitoci a Kalifoniya suka yi yajin aiki. A 1975 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar da ta ce diyyar raɗaɗi da baƙin ciki a ƙarar sakacin likita ba za ta wuce dala 250,000 ba. Ba a tanadi ɗaga adadin bisa tsadar rayuwa ba, sai ya zauna daram shekara 47 alhali darajar dala tana zaizayewa. A 2022 aka gyara, aka mai da rufin ƙarar mutuwa dala 500,000 daga farkon 2023, da sharaɗin zai riƙa hawa kowace shekara har ya kai miliyan ɗaya.

Jihar Fulorida kuwa ta bi wata hanya dabam. A 1990 majalisarta ta faɗaɗa dokar diyyar mutuwa. Ta ba manyan 'ya'ya ikon neman diyyar baƙin ciki idan mamaci bai bar miji ko mata ba, ta kuma ba iyayen baligi irin wannan iko idan bai bar wasu magada na kusa ba. Amma sai ta sa togaciya guda: ban da inda sakacin likita ne ya jawo mutuwar. A wannan doka, yaro shi ne wanda bai kai shekara 25 ba.

Bari in kawo misali don abin ya fito fili. A ce wata gwauruwa mai shekara 70, 'ya'yanta duk sun haura 25. In direba ya banke ta da mota, 'ya'yan suna da ikon neman diyyar rashin uwa. In kuwa a ɗakin tiyata aka yi sake ta mutu, abin da ya rage musu bai wuce kuɗin magani da na jana'iza ba. Lauyoyi a can kaso suke ɗauka daga abin da aka ci a shari'a, kuma irin wannan ƙara tana cin kuɗi masu yawa wajen ɗauko ƙwararrun shaidu. Saboda haka da wuya a sami lauyan da zai karɓa, ƙarar sai ta mutu tun ba a haife ta ba. Wannan ya sa masu adawa suka laƙaba mata suna dokar kisa a ɓagas.

Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da dokar a shari'ar Mizrahi ta shekarar 2000, bisa hujjar rage tsadar inshora. Amma a 2014, cikin shari'ar McCall, kotun nan dai ta soke rufin da aka sa wa diyyar mutuwa a 2003, tana shakkar cewa akwai wani rikicin inshora da ya kai a tauye wa iyalai hakki. A 2025 majalisun jihar biyu suka zartar da soke togaciyar 1990 da babban rinjaye, sai Gwamna Ron DeSantis ya hau kujerar na-ƙi a watan Mayu, yana cewa sokewa ba tare da rufi ba za ta ƙara tsadar magani ta kori likitoci.

Reshen da Ya Iso Gida

Turawan mulki sun shigo mana da dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900, dokar Campbell tana cikinsu. Daga baya Jihar Arewa ta yi tata, wadda ke cikin kundin dokokinta na 1963. A nan an yi abin yabo, domin idan mamaci Musulmi ne, dokar ta ɗauki iyalinsa a matsayin waɗanda ke da rabo a diyyar kisan kuskure. Watau ba a tilasta wa gidan Bahaushe ya shiga rigar gidan Bature ba.

Shingen da ya fi tsayi a wurinmu na lokaci ne. A 1916 aka kafa dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda aka kwaikwayo daga wata dokar Ingila ta 1893. Ta Ingila wata shida ta bayar, kuma sun soke ta a 1954. Tamu wata uku ta bayar, kuma tana nan cikin kundin dokokin tarayya na 2004. A 1998, cikin shari'ar Ibrahim da hukumar shari'a ta Jihar Kaduna, kotun ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomi, ba ɗaiɗaikun ma'aikata kawai ba. Kotuna sun keɓe wanda ya yi aiki da mugun nufi ko ya fita daga hurumin aikinsa, amma sai mai ƙara ya tsaya ya nuna haka.

To, asibitin talaka na gwamnati ne. Mu auna wata ukun nan da ma'aunin gidajenmu. Kwana 40 na farko zaman karɓar gaisuwa ne da jiran sadaka, ba mai ɗaga maganar kotu ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Matar mamaci kuwa takabarta wata huɗu ne da kwana goma. Kafin ta fita, ƙofa ta riga ta rufe.

Kammalawa

Ba na cewa masu kafa shinge ba su da hujja. Likita ba ya da iko a kan rai, yana iya yin iyakar ƙoƙarinsa majinyaci ya mutu. In kowace mutuwa ta zama ƙara, likita zai riƙa gudun majinyacin da ya fi buƙatarsa, mu kuwa da ma likitocin ba su ishe mu ba. Amma a ɗaya ɓangaren, wani rahoto da cibiyar nazarin magani ta Amurka ta fitar a 1999 ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Inda ba a tambaya, ba a gyara.

Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne kowane shinge akwai wanda yake danne wa. Lissafin asarar kuɗi na 1852 ya danne jariri da tsoho. Togaciyar Fulorida ta danne gwauro da gwauruwa. Wata ukun 1916 ya danne mai takaba da wanda bai san hanyar lauya ba. Ni a ganina tsarin diyya yana da darasin da masu doka za su ɗauka, ko a ina suke: adadi sananne wanda likita da asibiti za su iya shirya wa, jama'a su haɗu su ɗauki nauyin kamar yadda dangi ke yi, kuma kada a rufe wa wani magaji ƙofa saboda shekarunsa ko talaucin mamacinsa.

Mu ɗaliban Hausa muna da namu aikin. Dokokin nan duka da Ingilishi suke, waɗanda suka fi shafa kuwa ba sa jin sa. In muka fassara su, muka kai su gidajen rediyo, mai yafewa zai yafe da saninsa, mai nema kuma ya nema kafin lokaci ya ƙure.