Turmi Uku Babu Kisa: Dambe a Gaban Madubin UFC

Tun shekarar 2019, lokacin da Kamaru Usman da Israel Adesanya suka ci kambun UFC, faɗan cikin keji ya samu gindin zama a wayoyin samarin birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa. Ga Bakatsinen da ya tashi da kallon dambe, naushi da shuri ba baƙin abubuwa ba ne. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne yadda wasan da ya girmi kakan kakansa ya tsaya a filin ƙura, alhali wanda aka haifa jiya ya game duniya.

Asalin dambe wasan mahauta ne. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, sai su bi garuruwa da makaɗan kalangu, su yi fawa da rana, da yamma a buɗe fili. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan ya zama garkuwa. Ana yin turmi uku, kuma da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa, an yi kisa. Ba a auna nauyin kowa. Gajere yakan fito ya nuna dogo, in dogon ya amsa a shiga. Martabar mutum tana bakin mawaƙi: Ɗan Anace ne ya sa sunan Shago ya wuce zamaninsa, har yau ake kiran yaran manyan 'yan wasa Shagon wane.

UFC ma haka ta faro. A gasarta ta farko a birnin Denba na Amurka, cikin 1993, babu rukunin nauyi, dokokin ma ba su taka kara sun karya ba. Royce Gracie, wanda ba shi da wani girman jiki, ya kayar da ƙarti ya ɗauki gasar. Wannan ya burge 'yan kallo, amma ya fusata hukumomi; Sanata John McCain ya jagoranci yaƙi da wasan, jihohi da dama suka haramta shi. Abin da ya cece shi dokoki ne: rukunin nauyi, safar hannu, ƙayyadadden lokaci, likita a gefen fili. A 2001 aka sayi kamfanin kan dala miliyan 2. A 2016 aka sayar da shi kan kusan dala biliyan 4.

Ba sai an je Amurka ba ma. Ƙetaren Jibiya kaɗan, Nijar ta tsara kokawarta ta gargajiya a matsayin gasar ƙasa tun 1975, kuma ɗan Maraɗi, Kantu, shi ne ya fara ɗaukar takobin. Dambe bai samu irin wannan gata daga gwamnati ba. Masu gidajen wasa ne suka riƙe shi, da hamayyar Arewa da Kudu da Guramada, sai kuma liƙin attajirai.

Canjin ya zo ta intanet. Tashar Dambe Warriors ta soma ɗora wasanni a YouTube wajen 2017, daga bisani African Warriors Fighting Championship ta Maxwell Kalu ta shigo da awon nauyi da alƙalai da likitoci, wato hanyar da UFC ta bi.

A nan masoya suka rabu. Dattawan fili suna ƙorafin cewa 'yan wasan yanzu tsoron kisa suke, ana kewaye juna turmi uku a tashi babu kisa, kowa na kare farashinsa; kuma ma'auni ya kashe abin da ya fi komai daɗi, wato ƙaramin mutum ya kwantar da ƙato. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai dattawan ba su cika ambaton tsoffin gwanayen da suka ƙare da karyayyen muƙamuƙi da rawar jiki, ba asibiti ba fansho ba. Matasa kuwa suna ganin ɗan wasan da ke atisaye, ya san abokin karawarsa tun makonni kafin ranar, ya fi ƙwarewa a kan wanda ya dogara da guru da laya. Abin da ɓangarorin biyu ba su da amsarsa shi ne makomar makaɗin kalangu, domin shirin da aka sayar wa tashar talbijin da mintunansa a ƙirge ba ya jiran ɗan dambe ya gama kirari.