Wuri da Marisuwa: Abin da Ɗalibin Tarihi a Aujara Zai Karanta Game da Teku

Daga Aujara zuwa gaɓar teku a Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, shi ya sa ɗalibin tarihi a ƙasar Jahun kan ɗauki labarin daulolin jiragen ruwa a matsayin abin da bai shafe shi ba. Wannan fahimta kuskure ce. Teku ta iso kasuwannin gabashin Kano tun da daɗewa, ta hanyar kuɗi da ta hanyar cuta, kuma daga nan ya kamata karatu ya soma, ba daga Lisbon ko Amsterdam ba.

A fara da Tarihin Kano, wanda Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908. A ciki an ambaci cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Marubucin bai faɗi daga ina ba. Amsar tana cikin littafin Jan Hogendorn da Marion Johnson, The Shell Money of the Slave Trade, na 1986, wanda a ganina ya fi kowane littafi dacewa da mai karatu a Jigawa. A tsibiran Maldives na tekun Indiya ake tsamo wurin. Kamfanonin Holan da na Ingila su loda shi a ƙasan jiragensu, su kai Turai, sannan a sake jigilarsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a sayi bayi da shi. Daga can fatake suka haura da shi arewa. Wato abin da kakanninmu suke ƙirgawa su sayi gero ko su biya haraji ya kewaye Afirka kafin ya shiga hannunsu.

Darasi mafi nauyi yana ƙarshen labarin. Lokacin da Bature mai yawon bincike Barth ya zo Kano a 1851, dala ɗaya ta azurfa wuri 2,500 ce. A waɗannan shekaru ne 'yan kasuwar Jamus na Hamburg suka soma kwararo wani wurin mai araha daga Zanzibar, har darajarsa ta zube, ɗaukarsa ta koma wahala ga jaki da mai jaki. Hauhawar farashi da aka haifar a wata nahiya ta cinye ajiyar manomin da bai taɓa ganin jirgin ruwa ba. Wanda ya gane wannan zai karanta littattafan C. R. Boxer kan daular Holan, na 1965, da ta Fotugal, na 1969, da idon mai neman hakkinsa. Sai dai Boxer daga cikin jirgi yake kallon duniya, amma K. N. Chaudhuri, a littafinsa na 1985 kan cinikin tekun Indiya, shi ya mayar wa Larabawa da Indiyawa matsayinsu.

Cuta ma ta teku ta biyo. Ciwon bushiya ya sauka a tashar Massawa a 1887 tare da shanun da sojojin Italiya suka shigo da su, kuma cikin 'yan shekaru ya kassara garken Fulani har yammacin Afirka. Murar 1918, wadda tsofaffi ke kira marisuwa, a jirgin ruwa ta iso Legas cikin Satumba, ta hau layin dogo da ya kai Kano a 1911. Hanyar da aka shimfiɗa wa auduga, gyaɗa ta ci moriyarta, ita ce ta kawo ajali. An ƙiyasta mutum wajen 500,000 suka rasu a Nijeriya, binciken D. C. Ohadike shi ne mafari a nan.

Ana yawan ba da shawarar Plagues and Peoples na William McNeill, na 1976. A karanta shi, amma da taka tsantsan, domin Afirka a wurinsa matattarar cuta ce kawai, kuma hasashensa ya fi hujjarsa yawa. Littafin Michael Dols na 1977 kan annobar ɗa'un a ƙasashen Musulmi ya fi kusa da mu, musamman ga almajirin da zai iya haɗa shi da Muƙaddimar Ibn Khaldun, mutumin da annobar ta ɗauke iyayensa biyu a Tunis.

Babu ɗaya cikin waɗannan marubuta da ya zauna da dattawan Aujara ko Kiyawa ya ji abin da iyayensu suka faɗa game da shekarar marisuwa. Wannan aiki ne na malaman tarihi a jami'o'in Dutse da Kafin Hausa, kuma ya kamata su tura ɗalibai ƙauyuka su naɗo shi tun masu labarin suna raye.