Shafukan intanet da dama a asusu ɗaya: yaushe ya kamata a sauya masauki?

Yawancin ƙananan shafukan intanet suna zaune ne a masaukin haɗaka, inda kamfani ke raba babbar kwamfuta ɗaya, wato saba, tsakanin masu haya da yawa. Mai asusu kan iya ƙara adireshi na biyu da na uku ta cikin cPanel ba tare da biyan sabuwar haya ba. Wannan ya wadaci makaranta ko ɗan kasuwa mai shafuka marasa cunkoso.

Sai dai dukkan shafukan daga kaso ɗaya suke ci. Ƙarfin sarrafawa da adadin fayiloli asusun aka ƙayyade wa, ko da an tallata shi da cewa ba shi da iyaka. Idan maziyarta suka yi wa shafi ɗaya yawa, misali ranar fitar da sakamakon jarrabawa, sauran ma sai su yi nauyi. A sabar da ke amfani da CloudLinux, saƙon kuskure mai lamba 508 ne ke bayyana.

Haɗarin da ya fi girma na tsaro ne. WordPress ɗin da aka bari ba a sabunta ba a shafi ɗaya ya isa ya buɗe wa masu kutse hanyar shiga sauran, domin duk fayilolin suna ƙarƙashin mai amfani guda.

Wanda ke riƙe da shafukan abokan ciniki, gara ya koma asusun dillanci, inda kowane shafi ke da nasa cPanel. Shafin da 508 ke yawan damunsa kuwa VPS ya kamace shi, matuƙar akwai wanda ya iya kula da saba.