Yagewar Tsoka da Targaɗe a Filin Ƙwallo: Yadda Ake Kare Kai

Yagewar tsoka na faruwa ne idan aka ja tsoka da ƙarfi fiye da abin da za ta iya ɗauka, har wasu zaruruwanta su tsinke. Ga masu buga ƙwallo, an fi samunta a bayan cinya, sai matsematsi da sha-raɓa. Mutum yana cikin gudu sai ya ji zafi farat ɗaya kamar an jefe shi da dutse. Targaɗe kuwa rauni ne na jijiyoyin da ke riƙe gaɓa, galibi a idon sawu ko gwiwa.

A filayen unguwa na Barnawa, Kakuri, Narayi da Sabon Tasha, yawancin masu wasa daga wurin aiki ko makaranta suke zuwa, su ɗaura takalmi su faɗa fili. Ga ƙasa ta bushe ta yi tauri lokacin hunturu, ga ramuka da santsi da damina. Tsokar da ba a ɗumama ba ita ce ke saurin yagewa.

Rigakafi

A shekarar 2006 aka fito da tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+. Minti 20 yake ɗauka, ba ya buƙatar kayan aiki: sassarfa, atisayen ƙarfafa cinya da ciki, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle da koyon dira daidai. Wani bincike da aka yi kan ƙungiyoyin matasa a Legas, aka wallafa a 2014, ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 ga waɗanda suka bi tsarin.

Idan abu ɗaya za ka ɗauka daga ciki, ɗauki atisayen Nordic. Ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, sai ka riƙa sunkuyawa gaba a hankali jikinka a miƙe, har ka tare ƙasa da hannu. Fara da sau 3 zuwa 5, kwana biyu a mako. Cinya za ta yi tsami da farko, wannan ba rauni ba ne. Bincike ya nuna yana rage yagewar bayan cinya da kusan rabi.

A sha ruwa, a sa takalmin da ya dace da fili, kuma kada wanda ya yi wata biyu bai taɓa ƙwallo ba ya buga minti 90 ranar farko.

Idan an ji rauni

A daina wasa nan take. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar. Cikin kwana biyu zuwa uku na farko a guji ruwan zafi, man zafi da tausa, domin suna ƙara zubar jini a cikin tsoka. Nan ne mutanenmu suka fi kuskure, musamman idan aka kai wa mai ɗori ya murza.

A je asibiti idan ba a iya taka ƙafa, ko an ji ƙara lokacin raunin, ko gwiwa ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan, ko gaɓa ta karkace. Babban Asibitin Gwamna Awan da Asibitin St. Gerard duk suna Kakuri.

Kada a sha maganin kashe zafi don a koma fili. Tsokar da ta taɓa yagewa ta fi kowace haɗarin sake yagewa, musamman a makonnin farko bayan dawowa. Sai ka iya gudu da cikakken ƙarfi ba zafi, kuma ƙarfin ƙafafun biyu ya zo daidai, sannan ka koma wasa.